Asokore Mampong: Kasuwar Dare Ko Gotar Aboabo, Wacce Ta Fi Gaggawa?

Tun daga shekarar 2025 da gwamnatin Shugaba John Dramani Mahama ta ba da sanarwar cewa kashi 80 cikin ɗari na kuɗin Kwaman Fan za su riƙa shiga asusun asambuloli kai tsaye, da wuya mako ya wuce ba a bugo mana waya a gidan rediyo da tambaya iri ɗaya ba. Mai kira daga Aboabo, mai kira daga Sawaba, har da iyayenmu mata na Asawase, duk bakinsu ɗaya: kuɗin sun zo, to ina namu? Tambaya ce mai kyau, amma rabi ce. Wadda ta fi ta nauyi ita ce, idan kuɗin sun iso, wane aiki ne za a fara sa wa hannu, kuma wa ya yanke cewa shi ne na farko? A kan wannan muke so mu ɗan tsaya yau, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa yake masa yoyo.

Bari mu tuna wa mai karatu yadda aka faro. A shekarar 2012 ne aka yanke Asambulin Asokore Mampong daga jikin babbar hukumar birnin Kumasi, wato KMA, aka haɗa mata Aboabo, Asawase, Sawaba, Adukrom, Akorem, Sepe, Buobai, Parkoso, Asabi da sauransu, aka aje hedikwata a garin Asokore Mampong. Faɗin ƙasar duka bai kai murabba'in kilomita 25 ba, amma cike yake maƙil da bil Adama. A lokacin an yi murna, kuma murnar tana da dalili. Shekara da shekaru mutanen Zango suna kallon KMA tamkar uwar da 'ya'ya suka yi wa yawa, wadda ba ta tunawa da na ƙuryar ɗaki sai ranar karɓar lampo. Aka ce yanzu gwamnati ta matso ƙofar gida. Alhaji Nurudeen Hamidan ya fara riƙe kujerar, Alhaji Alidu Seidu ya karɓa a 2017, Kennedy Kankam ya biyo baya a 2021, sannan mulki ya sake juyawa a 2025. Jam'iyya ta hau, jam'iyya ta sauka, amma ruwan Pelele launinsa bai canza ba.

Abin da ba a faɗa mana da babbar murya ba ranar bikin shi ne, an raba gida ne ba a raba rumbu ba. Kejetia tana hannun KMA. Babbar kasuwa tana hannun KMA. Adum da Asafo da Bantama duk suna can. Da aka sake yanka birnin a 2018 aka fitar da Suame, Old Tafo, Kwadaso, Asokwa da Oforikrom, Suame ta tafi da Magazin ɗinta, Asokwa ta tafi da masana'antunta. Mu me aka bar mana? Gidajen haya, makarantu, masallatai da ƙananan kasuwannin unguwa. Ku duba yadda ranar mutumin Zango take tafiya. Da asuba ya tashi a Aboabo, ya hau torotoro ko Pragya zuwa Kejetia ko Alabar, a can zai yanki tikiti, a can zai biya kuɗin shago, a can zai biya lasin sana'a. Da magariba ya dawo Aboabo da gajiyarsa, a nan zai yi wanka, a nan zai zubar da shara, a nan 'ya'yansa ke neman kujera a aji. Wato nonon ana tatsa a wani gida, saniyar kuwa a gidanmu take kwana. Duk wanda zai yi maganar kuɗin wannan Asambuli bai fara daga nan ba, to bai fara ba.

Saboda haka ne Asambulinmu ta dogara ga abin da ake turowa daga Ankara. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 252, ya ce dole a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ba a raba wa asambuloli domin ayyukan raya ƙasa. Shi ne Kwaman Fan. A zamanin Shugaba Kufuor an ɗaga shi zuwa kashi 7 da rabi. A 2017 aka yi dokar da ta sa wa irin waɗannan asusu linzami, kason ya koma baya, har sai da wasu 'yan majalisa biyu, Benjamin Kpodo da Richard Quashigah, suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ita kuma a 2019 ta yanke cewa ba a isa a taɓa kashi 5 ɗin nan ba. To amma hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Kowa ya san yadda aka riƙa yi: kason wata uku na farko sai ya iso a ƙarshen shekara, wani ma ya tsallaka shekara ta gaba. Kafin ya baro Ankara kuma an riga an yanke na feshin magani, an yanke na motocin shara da kwantena, an sayo wa Asambuli kayan da ba ta ce tana so ba. Ɗan kwangila ya kafa tubali ya gudu, farashin siminti ya ninka, ginin ya zama wurin kwanan awaki.

Ganin haka, babu mai hankalin da zai ƙi yaba wa matakin 2025. Ministan kuɗi, Dokta Cassiel Ato Forson, ya sanar da shi a kasafin wannan shekarar, aka kuma ce kowace Asambuli cikin 261 da ake da su za ta samu abin da bai gaza sidi miliyan 25 ba. Alhamdu lillahi. Sai dai kuɗin sun zo da takardar yadda za a kashe su, kuma a nan gizo ke saƙar. Takardar ta 2025 ta ce kashi 25 na gina kasuwar zamani mai ci dare da rana ne. Kashi 20 na ƙarasa ayyukan da aka yi watsi da su. Ginin makarantu kashi 10, kujerun makaranta kashi 10, ƙananan asibitoci kashi 10, ruwan sha kashi 10, tsabtar muhalli kashi 10, ragowar 5 na gudanar da ofis. Mai karatu ya ɗauki biro ya buga da kansa. A cikin miliyan 25, kasuwa ta kwashi miliyan 6 da dubu 250. Tsabtar muhalli kuwa, wato shara da gota da bayan gida da duk abin da ke kai yaranmu asibiti, miliyan 2 da rabi.

Wannan rabo zai iya dacewa da wata gunduma a Afram Plains ko can Arewa, inda manomi ke rasa wurin kai doyarsa, inda rijiyar burtsatse guda take canza rayuwar ƙauye. Amma riga ɗaya ba ta shiga kowane wuya. Asokore Mampong cikin birni take tsundum, tafiyar 'yan mintoci ce daga Aboabo zuwa Kejetia, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Maganar ciniki da dare kuma, a yi mana afuwa, ba Zango za a koya wa ba. Mai shayi, mai tsire, mai waake, mai koko da ke hura wuta tun ƙarfe uku na dare, direbobin da ke lodin Bawku da Tamale da Yamai, waɗannan sun daɗe suna aikin awa 24 tun kafin a raɗa masa suna. Abin da suke nema fitilar titi ce mai ci, da tsaro, da wurin zagayawa mai tsabta, da hanyar da ba za ta zama kogi ba idan hadari ya haɗo.

Mu zo kan kogin. Rafin Aboabo daga wajen Pankrono yake tasowa, ya ratso Moshie Zongo da Buokrom, ya biyo ta Dichemso ya shigo Aboabo, ya wuce Anloga, ya je ya haɗu da Sisa a wajen Asokwa. Dattawanmu suna ba da labarin lokacin da ake wanki a cikinsa, yara suna kama kifi. Yau duk wanda ya tsaya a kan gada ya leƙa, ledar ruwa zai gani, da robobi, da katifar da ta mutu, da baƙin ruwa mai warin da ke bin mutum har gida. Yashi da shara sun cike cikinsa, gine-gine sun matse bakinsa. Ruwan sama na awa biyu ya isa ya tayar da unguwa tsaye. Wanda bai taɓa kwana yana kwalfar ruwa daga ɗaki da bokiti ba, yara a kan tebur, buhun shinkafar jari yana jiƙewa a gabansa, ba zai gane abin da muke nufi ba. Kuma asarar ba ta shiga littafin kowa. Tela ya rasa keke, mai kanti ta rasa kaya, ɗan makaranta ya rasa littattafai, washegari jami'an NADMO su zo da katifa da bokitin roba, a ɗauki hoto, a watse sai wata daminar.

Akwai wani tarihi da ya kamata kowane ɗan Zango ya riƙe. A shekarar 1924 annoba ta ɓarke a Kumasi, irin wadda ɓeraye ke yaɗawa, kuma ta fi yin ɓarna a tsohon Zango saboda cunkoso da rashin magudanai. Sai a lokacin Turawan mulki suka farka. Aka rushe gidaje, aka gina Sabon Zango da layuka a tsare, aka kafa hukumar kula da lafiyar jama'a ta Kumasi a 1925, wadda ita ce kakar KMA ta yau. Ma'ana, karo na farko da hukuma ta zauna ta zana wa Zango taswira, sai da aka yi jana'iza tukuna. Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja da fataucin goro, suka sauka a ƙasar Tonawa suka mai da ita gida, ba su samu magudanar ruwa don ana ƙaunarsu ba, sun samu ne don cutar ba ta san iyakar unguwa ba. Shekara ɗari ke nan cif da 'yan kai. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da dubu 28 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobara suka haɗu a Circle ta Ankara, rayuka sama da 150 suka salwanta, bayan nan ne aka nemo dala miliyan 200 daga Bankin Duniya don rafin Odaw. Shin mu ma sai mun jira irin wannan rana kafin a ɗauki rafin Aboabo da muhimmanci?

Mun san amsar da jami'ai za su bayar, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. Za su ce babbar magudana ba aikin Asambuli ba ne, na Hukumar Kula da Magudanan Ruwa ta ƙasa ne, wadda aka yi wa doka a 2022, kuma kuɗin gina rafin da kankare daga sama har ƙasa ya fi ƙarfin kasafinmu ko da an haɗa na shekara biyar. Gaskiya ne. Za su ƙara da cewa kasuwa ita ce za ta haifar wa Asambuli kuɗin shiga na kanta, wanda muka gama kukan babu. Wannan ma magana ce. Amma kasuwa ba ta haihuwa sai an shige ta. Ƙasar nan cike take da kasuwannin da aka gina aka yi bikin buɗewa, 'yan kasuwa suka ƙi shiga saboda an kai su inda mai saye ba ya zuwa, ko an sa kuɗin shagon da sai mai uwa a gindin murhu. Kashi na biyu na aikin babbar kasuwar Kumasi da aka fara a 2019 ya tsaya cak lokacin da ƙasa ta shiga rikicin bashi, matan da aka tasa suka watsu a Racecourse da bakin titi shekara da shekaru. Idan dole ne sai an kashe kashi 25 ɗin nan a kan kasuwa, to a zuba shi a kasuwannin da suke raye, irin ta Asawase da ta Aboabo: a yi rufi, a yi daɓe, a ja wuta da ruwa, a yi bayan gida, a fitar da gotar da za ta ɗauke ruwan kasuwar da na unguwar da ke kewaye da ita. Sannan a rubuta sunayen masu zama a wurin tun kafin a taɓa ko kwano ɗaya, don kada a gama gini a ga baƙin fuska riƙe da makullai.

Game da rafin kuma, tsakanin gina shi gaba ɗaya da naɗe hannu akwai fili mai faɗi. Yashe shi kafin damina, ba bayan ruwa ya ci gida ba, aikin Asambuli ne. Kwashe abin da aka yaso a ranar, maimakon a tara shi a bakin gota ruwan farko ya mayar da shi, aikin Asambuli ne. Ƙananan gotocin cikin lungu da ke kai ruwa babbar magudana, nata ne. Hana gini a kan hanyar ruwa nata ne, domin ita ke ba da takardar izinin gini, kuma jan fentin da ake shafa wa bango a ce a dakata, kowa ya san sau da yawa gayyatar ciniki ce. A 2024 gwamnatin Akufo-Addo ta raba wa kowace Asambuli manyan injinan gyaran hanya a ƙarƙashin shirin DRIP. Muna so a gaya wa jama'a inda namu suke, nawa ke aiki, wa ke sayen mai, kuma wace unguwa ce ke kan layi a wane wata.

Bugu da ƙari, rafin nan yana ratsa ƙasar asambuloli biyar: Old Tafo, KMA, Asokore Mampong, Oforikrom da Asokwa. Ledar da aka jefa a Moshie Zongo a Aboabo take kwana, wadda aka jefa a Aboabo kuma mutanen Anloga ne za su sha warinta. Ko mun yashe namu tas, idan na sama bai yashe ba, aikin baban giwa ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba asambuloli damar kafa kwamitin haɗin gwiwa a kan abin da ya shafe su tare. Me ya hana shugabannin nan biyar su zauna, kowa ya ajiye wani abu daga kasonsa na tsabta, su tafi Ankara da takarda ɗaya da murya ɗaya? Ɗan majalisarmu na Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, yana majalisa tun 2005, kuma a 2025 aka ba shi ministan cikin gida, ma'aikatar da NADMO ke ƙarƙashinta. Ba ƙaramar dama ba ce a ce mai ɗaukar wannan takarda yana zama a teburin majalisar ministoci. Fadar Manhyia ma ba ta da nisa, kuma maganar Otumfuo Osei Tutu na Biyu a kan filayen bakin rafi ta fi ta kowane jami'i kaifi.

Sai maganar da mutane ba sa son a yi a fili, wato bayan gida. Gida mai ɗaki 15 ko 20, mutum 60 ko fiye, babu masai ko ɗaya, domin wanda ake da shi tun zamanin kaka an fasa an mai da shi ɗakin haya. Da asuba a ga layi a bayan gidan gwamnati, dattijo da carbinsa, amarya da mayafinta, kowa da kuɗinsa a hannu. Mai 'ya'ya shida ya lissafa abin da yake kashewa a wata a wannan layi kaɗai. Wanda ba shi da shi kuma, da dare leda ce, ledar kuma gota. Shirin tsabta da ruwa na Babban Kumasi, wanda Bankin Duniya ya ƙara wa dala miliyan 125 a 2020, ya shigo har Asokore Mampong, inda mai gida ke biyan ɗan kaso shirin ya cika sauran. Gidaje da dama sun amfana, kuma ya nuna cewa idan an rage wa mutane nauyi suna ginawa. Shiri irin na masu ba da lamuni yana da ranar ƙarewa, buƙatar kuwa ba ta da ita. Asambuli za ta iya ci gaba da irinsa daidai ƙarfinta, ko da gida 200 ne a shekara, sannan tankas su bi masu gidajen da suka ƙi. A da, jin an ce ga samansaman nan ya isa ya sa a share tsakar gida har da bayan randa.

A nan dole mu ɗan yi ratse. Lokacin da aka kafa ma'aikatar raya Zango a 2017, aka kuma yi dokar Asusun Raya Zango, mutane sun ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. An yi wasu ajujuwa, an sa fitilu, an shimfiɗa filayen ƙwallo na roba, ma'aikatar kuma aka rufe ta a 2021. Ba mu raina filin ƙwallo ba, Zango ta ba ƙasar nan 'yan wasa ba adadi. Amma an fi son aikin da za a yanka masa kyalle a gaban kyamara, gota kuwa a ƙarƙashin ƙasa take, ba ta da wurin manna hoton kowa. Wannan ciwo bai san NDC ba bai san NPP ba.

To, masu gidaje fa? Nan ma akwai magana, kuma ba za mu tauna ta ba. Babbar hanyar da kowace Asambulin birni ke samun kuɗin kanta ita ce harajin gida. A unguwanninmu gidaje da yawa na gado ne, magada 20 ko 30, wasu a Legas, wasu a Jamus, wasu a Amurka. Ranar karɓar kuɗin haya kowa ɗan gida ne, har da mai aiko saƙo ta WhatsApp. Ranar da takardar haraji ta zo kuwa, sai a ce mai gidan ya rasu. Haka ba za ta yiwu ba. Wanda ke karɓar hayar shekara biyu a dunƙule ba shi da bakin cewa ba shi da na haraji. Amma ita ma hukuma ta sauƙaƙa wa mai son biya. A 2023 aka ɗauke karɓar wannan haraji daga hannun asambuloli aka ba GRA da wani tsari na intanet, kuɗin suka ragu maimakon su ƙaru, dole aka mayar wa asambuloli abinsu a 2024. Shekara guda ta tafi a banza, mutane kuma suka ƙara sabawa da rashin biya. Abin da zai dawo da su ba barazana ba ce kaɗai. A ƙidaya gidajen, a yi musu ƙima ta adalci yadda gidan ƙasa na cikin lungu ba zai biya daidai da bene mai shaguna a bakin titi ba, a karɓa ta wayar hannu don a rage hannayen da kuɗin ke bi, sannan a yi alkawari a rubuce cewa wani kaso na abin da aka tara a Sawaba a Sawaba za a kashe shi, a kuma liƙa lissafin a ƙofar masallaci da coci. Mutanen da suke tara kuɗin gina masallaci hawa biyu da sisinsu, suke riƙe makarantun Islamiyya ba tallafin kowa, ba marowata ba ne. Sun saba ne su ga abin da kuɗinsu ya yi.

Akwai kuma kuɗin da ba a cika ambata ba. Tsarin mulki ya ce kuɗin hayar filayen sarauta, bayan ofishin da ke tarawa ya cire kashi 10, kashi 55 na ragowar na Asambuli ne. Filin jirgin sama na Prempeh na Ɗaya, da aka buɗe sabon gininsa a 2024, a ƙofarmu yake, kuma kowa na ganin yadda otal-otal da manyan gidaje ke tasowa ta wajen Buobai, Parkoso da Asokore Mampong. Can ne arzikin harajin gida yake, can ne kuma har yanzu ake da sauran damar fitar da titi da magudana da filin makaranta kafin gini ya rufe ko'ina. Idan aka yi sake, nan da shekara 20 'ya'yanmu za su rubuta irin wannan takarda a kan Parkoso.

Wani abin da ya kamata wakilanmu su bi diddigi shi ne ƙidaya. A 2010 an ce mu 304,815 ne. A 2021 aka ce 191,402. Mutum sama da dubu 113 ke nan suka ɓace a takarda, alhali ɗakin haya sai ƙara tsada yake, aji sai ƙara cika yake. Gaskiya ne iyalai da yawa sun yi gini sun koma Kenyase da Abirem da wasu wurare na bayan gari, amma cunkoson jama'a yana cikin ma'aunin da ake dubawa wajen rabon Kwaman Fan, da wannan adadi kuma ake lissafin aji da asibiti da kwantenan shara. Ya kamata Asambuli ta gayyaci Hukumar Ƙididdiga ta zo ta yi wa jama'a bayani unguwa-unguwa, da taswira a hannu.

Duk wannan ba zai motsa ba muddin shugaban Asambuli ya san ba mu muka ɗora shi ba. Shugaban ƙasa ke naɗa shi, kashi biyu cikin uku na 'yan Asambulin da suka halarta su amince, kuma kusan kashi 30 na 'yan Asambulin su ma naɗaɗɗu ne. Ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya yi ranar 17 ga Disamban 2019, wadda aka ɗaura maganar zaɓen waɗannan shugabanni a kanta, an soke ta saura kwana kaɗan. Abin da ya rage a hannunmu shi ne asambuliman na unguwa, wanda muka zaɓa a Disamban 2023, da kuma ƙofofin da doka ta buɗe. Dokar 2016 ta wajabta a saurari jama'a kafin a amince da tsarin raya ƙasa, a kuma tattauna da masu sana'a kafin a ƙayyade kuɗin lasin da tikiti na shekara. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta ya nemi takarda. Babban mai binciken kuɗi na ƙasa yana fitar da rahoto duk shekara a kan yadda asambuloli suka kashe Kwaman Fan, da sunan kowace.

Tsarin shekara huɗu na 2026 zuwa 2029 shi ne uwar duk wani kasafi da za a yi har ƙarshen wannan zango, kuma daga cikinsa ake ciro ayyukan kowace shekara. Muna roƙon mai girma shugaban Asambuli ya sa a fassara jerin ayyukan da Hausa da Twi, a kawo mana mu karanta a rediyo kyauta, kowane aiki da unguwarsa da kuɗinsa da sunan ɗan kwangilarsa da watan gamawa. Muna roƙon sarakunan Zango da limamai da shugabannin mata da na matasa su nemi a yi taron jama'a a Aboabo ko Asawase, ranar Asabar, ba ranar aiki da ƙarfe goma na safe a hedikwata lokacin da kowa yana kasuwa ba. Kowane asambuliman kuma, yanzu da gwamnati ta fara ba su alawus na wata-wata tun 2025, ya zo wa unguwarsa da amsar abu uku kafin hadarin bana ya haɗo: nawa ya shigo asusun a zangon da ya wuce, mita nawa na gota aka yashe ko aka gina a yankinsa, kuma a ina aka tsayar za a yi kasuwar. Zaɓensu na gaba a 2027 ne.